Ƙasar Goggo a Tayoyin Mota

Na yi shekara ashirin ina koyar da darasin noma a wata ƙaramar sakandare a Nima, amma ban taɓa shuka abin da ya wuce wake a gwangwanin madara ba. A wurinmu wannan ba abin kunya ba ne, don unguwar ko wurin shanya wanki sai an yi layi. Ƙasa a allo nake zana ta, hawa-hawa, da alli mai launi, yara su kwafa, su ci jarrabawa, kowa ya tafi gida da tsabtataccen hannu.

Goggo ce ta fara kawo mini ƙasar noma ta gaske har gida. Ƙanwar mahaifina ce. Tun ina ƙarami ta auri wani falken shanu, ya tafi da ita tsaunin Mambila, can sama da Gembu, ta yi shekara talatin da wani abu tana noman dankalin Turawa. Da mijin ya rasu ta gama takaba, Baba ya yi ta aike ta dawo. Ya tsufa, idonsa ya yi rauni, kuma a cikin waɗanda suka sha nono ɗaya su biyu kaɗai suka rage. Ba ya son komai sai ya riƙa jin muryarta a tsakar gida.

Ta iso da akwati ɗaya, da irin dankali ƙunshe a tsohon zane, da rabin buhun ƙasa. Ta ce a kowace iyaka sai an kwance buhun an zura hannu har ƙasa, a rasa abin da ake nema, a dube ta da tausayi.

Bayan gaisuwa ta faɗa wa Baba sharaɗinta.

"Yaya, zan shuka. In ya yi 'ya'ya, na zauna. In bai yi ba, sai in koma inda yake yi."

Baba ya juyo wajen da ya ji tarina. "Kai ne malamin noma. Zai yi?"

Na ce sai an gwada ƙasar tukuna, da muryar da nake yi wa iyayen yara magana ranar taro.

Na ɗebi ƙasar na zuba a kwalba, na cika da ruwa, na girgiza, na ajiye a kan taga. Yashi ya fara kwantawa nan take, ɗan siriri. Kafin la'asar wani kauri mai laushi ya hau kansa, ya ci fiye da rabi. Yumɓun kuwa kwana biyu ya yi yana yawo a ruwan kafin ya sauka. Na auna da rula, na buɗe littafi, na sanar da gida cewa ƙasar ta faɗa ajin lallausar ƙasa, wadda ƙwayarta ta fi ta yashi ƙanƙanta, ta fi ta yumɓu girma, mai riƙe ruwa, mai duhu saboda ruɓaɓɓiyar ciyawa. Littafin ya ba ta suna mai gaɓa biyar.

Goggo ta saurara har na gama. Sai ta ɗebi kaɗan a tafin hannu, ta ɗiga ruwan buta, ta murza. Ta miƙo mini in ji: sulɓi kamar garin alkama. Ta mulmula ta kamar igiya, ta lanƙwasa, ta karye. Ta ɗan taɓa a haƙori.

"Kwana biyu ka yi kana neman wannan, Malam? Mu can iri uku muka sani. Ja ta kan tudu, mai ƙuraje a hannu, sai ka roƙe ta. Baƙa ta kwari, mai cire wa mutum takalmi. Wannan ta gangare ce. Ba ta musu, amma in ka dake ta da ruwa sai ta yi ɓawo ta rufe bakinta."

Na rubuta wannan a gefen littafin, da fensir.

Muka samu tsofaffin tayoyin mota huɗu daga wani mai faci, muka jera a bayan madafa, inda rana ke leƙowa ta tsakanin kwanon rufi. Ta shuka. Ganye ya fito shar, har masu wucewa ta lungu suna tsayawa. Antin da ke sayar da wake da shinkafa a ƙofar gidanmu ta daina zubar da ruwan wanke-wanke ta wannan gefen, abin da shekara goma na roƙo bai sa ta yi ba. Kullum da safe Baba sai ya sa a kai shi ya shafa ganyen.

A wata na biyu, ina zaune a ofishin malamai, na ci karo da shafin da ya kamata in fara karantawa. Dankalin Turawa ba ya ɗaura 'ya'ya sai ƙasa ta yi sanyi. A zafi ganye kawai yake yi. Na tuna cewa a Nima ko fanka sai ta gaji. Goggo ta ɗauko ƙasar, amma sanyin yana can kan dutse. Da na dawo gida na faki ido na zura yatsa a taya ɗaya. Saiwa ce zalla, kamar zaren da ya warware.

Na gaya wa maiɗakina, ita kuma ta gaya wa Anti, kafin magariba matan gida sun yanke hukunci.

"Ticha, ka tafi kasuwar Makola ka sayo," in ji Anti da Hausarta ta Zango. "Mu sa shi ciki. Tsoho zai ji daɗi, Goggo zai zauna. Wanene ya mutu?"

Na ce wannan ha'inci ne. Maiɗakina ta ce in je in faɗa wa Baba gaskiyar da bakina, tunda ni ne mai kwalba. Washegari na hau trotro, motar haya.

A kasuwa na yi abin da na ɗauka hikima ce. Na ƙi wankakken dankali, na zaɓi matsakaita masu ƙasa a jiki, don su yi kama da waɗanda aka tono. Ranar da Goggo ta tafi suna a unguwar Maamobi muka binne su, biyar-biyar a kowace taya, muka lallaɓa saman.

Ta sa ranar Asabar da hantsi don tono. Aka fito wa Baba da kujera. Ta sa hannu, ta zaro na farko, mata suka yi guɗa, Anti ta fi kowa. Baba yana ta hamdala. Goggo ta juya dankalin, ta kankare ƙasar da ta maƙale a idonsa da farce, ta murza tsakanin yatsu biyu. Ta daɗe tana murzawa.

"Malam, zo ka ba wannan suna."

Na karɓa. Ja ce, tana ƙaiƙayi a yatsa. Ko ɗan aji ɗaya ba zai kira ta lallausa ba.

"Yashi ya yi mata yawa, Goggo," na ce.

"To. Na zaci a hanya ta canza hali." Ta zaro sauran ɗaya bayan ɗaya tana jerawa a faranti. "Ga shi kuma ko cibiya babu wanda ya haɗa da uwarsa. Wa ya zaɓo?"

Duk suka dube ni.

Baba ya gane. Ya ce, "Don ni suka yi. Kada ki ga laifinsu."

"Na sani, Yaya. Ni ma tun wata ɗaya na san bai yi ba. Ganyen da ya cika kyau haka ba ya ajiye komai a ƙasa. Na yi shiru ne in ƙara kwana kusa da kai."

Ta soya dankalin da kanta, da albasa da yaji, muka ci a faranti ɗaya. Ta ce ba laifi, amma an cire shi bai ƙosa ba.

Ta zauna har bayan Babbar Sallah, sannan ta ɗaure akwatinta. Baba bai sake roƙonta ba. Ya ce tana da gona da 'ya a can, shi kuwa yana da mu, duk da abin da ya gani na aikinmu. Ni na raka ta tasha. Da motar ta cika ta leƙo ta taga ta ce in riƙa kai shi asibitin ido a kan lokaci, kada in tsaya sai na gama karanta littafi a kai.