Ladi Mai Buga Kundi a Kwalkwalawa

Ladi Ayuba a Gidan Dare aka haife ta, ko da yake iyayenta mutanen Zuru ne. Mahaifinta kafinta ne. Da ta gama sakandare ta koyi bugun tafireta, ta yi shekara shida tana buga wasiƙu a wani ofishi, har ranar da aka rage ma'aikata aka haɗa da ita. A shekarar 2002 ta kama ɗan shago a Kwalkwalawa, kusa da jami'a, inda ɗalibai ke kawo kundin kammala digiri a buga musu.

Wanda ya fara kawo mata aiki wani ɗalibi ne mai suna Abdulrasheed. Yana ajiye takardun ya ce mata shafukan farko, wato na sadaukarwa da godiya da jerin abin da ke ciki, da ƙananan lambobin Romawa ake sa musu. Ta ce to. Rabonta da lambobin nan tun firamare, amma kunya ta hana ta tambaya. Ta tuna i, ta tuna ii da iii, daga nan sai ta ci gaba da ƙara sanda ɗaya a kowane shafi. Na tara ya fito da sanduna tara a jere.

Abdulrasheed bai duba ba. Ya kai aka ɗinke kwafi huɗu, aka sa musu bango mai kauri, ya miƙa wa malamansa. Bayan kwana uku ya dawo da su duka, ya zube mata a kan tebur. Ya ce a gaban abokan karatunsa aka ɗaga shafin ana dariya. Ladi ta ba shi haƙuri, ta ce za ta sake. Bayan ya fita ta zauna ta kasa taɓa injin, don har lokacin ba ta san abin da za ta buga ba.

Malam Junaid, dattijon da ke ɗinke littattafai a shagon da ke jikin nata, ya ji komai. Ya shigo, ya buɗe shafin, ya daɗe yana kallo.

"Ɗiyata, wanga ba lissahi na ba, darni na," in ji shi.

Ya jawo benci, ya ɗauki bayan wata takarda. Ya nuna mata v biyar ce, x goma, l hamsin, c ɗari. Ƙarama in ta biyo bayan babba a ƙara, in ta zo gabanta a cire. Ya sa ta rubuta daga ɗaya zuwa ɗari sau uku kafin ya tashi zuwa sallar la'asar. Shi ya warware kwafi huɗun nan ya sake ɗinke su da hannunsa.

Daga baya kwamfuta ta zo, ita ma ta saya. Injin yana sa lambobin da kansa, amma Ladi ba ta sallamar aiki sai ta bi shafukan farko da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Da shagon nan ta yi wa 'ya'yanta uku makaranta, har ɗalibai suka daina kiran sunanta, sai Maman Precious. Malam Junaid ya rasu a 2016. Kwana uku tana zuwa zaman makoki a gidansa da ke Ƙofar Rini, cikin mata.

Bara wata mai karatun digirin digirgir a fannin shari'a, Zahra'u, ta kawo kundi mai dogon jerin ƙararraki da dokoki, har shafukan farko suka kai arba'in da tara. Washegarin ranar da ta karɓi aikin ta dawo da damuwa. Malamin da ke duba aikinta ya zagaye xlix da jan biro, ya rubuta il a gefe, wai hamsin ba ɗaya. Ta roƙi Ladi ta gyara kawai, ita ba ta son jayayya da malami ana saura sati ta kare aikinta.

Ladi ta ce ba za ta buga ba. Ta yi mata bayani cewa i daga v ko x kaɗai ake cire ta, don haka sai an rubuta arba'in daban, xl, sannan tara, ix. Zahra'u ta kira malamin, ta miƙa wa Ladi wayar.

"Ranka ya daɗe, in ka ce a sa, sai ta kai wani shagon," in ji Ladi. "Ni dai na san wanda zai zo daga waje ya duba aikin zai gani, kuma ita za a tambaya."

Malamin ya ce zai duba. Kafin azahar ya turo wa Zahra'u saƙo cewa a bar shi yadda yake.

Yanzu Ladi ta haura hamsin, idonta ya fara rauni, sai da tabarau take aiki. Precious, babbar 'yarta, ta gama karatun jinya tana so uwar ta rufe shagon ta huta. Ladi ta ce mata sai ɗaliban bana sun gama, sannan su yi maganar.