Wanda Ke Tsayawa a Hagu

Hilda mai kabeji a kasuwar Dewsbury ta Ingila ba ta san sunan tsohon da ya tsaya gaban teburinta ba, amma kunnuwansa da suka murɗe kamar ganyen hajarta sun tona shi: tsohon ɗan wasan rugbi ne, wasan da ake gudu da ƙwallo a hannu. Lambar yaƙi na lilo a ƙirjinsa, yana jan ƙafa.

Sai kabeji ya mirgino daga tebur. Caraf ya cafe, ya cilla baya ta hagu ko waiwaye babu, yadda ake miƙa wa abokin wasa. Kabeji ya faɗa kwata.

"Baba, ai an tashi wasa tuntuni," in ji Hilda tana dariya.

Ya ƙura wa gurbin da ke hagunsa ido. "Da akwai mai tsayawa nan, 'yata. Faransa ce ta riƙe shi, can ya kwanta dama a fagen yaƙi."