Kakata da Jiragen Alhazai

Kakata 'yar ƙabilar Buduma ce, daga wani tsibiri a Tafkin Chadi. Da ƙafa suka taho aikin hajji ita da kakana ta ƙasar Sudan, suka tsallaka teku, suka yada zango a Jidda. Da ya rasu, babu sauran mai jin yarenta a duk unguwarmu ta Sa'alaba. Mu jikoki Larabci muke yi da guntuwar Hausa, ita kuwa ta ce duka biyun yaren masu tsoron ruwa ne.

Bahar Maliya ma ba ta tsira daga bakinta ba. Wai ruwan da saniya ba za ta sha ba, girman banza gare shi.

Duk lokacin da jiragen alhazai suka fara isowa, sai ta ja ni tashar jiragen ruwa, ina budurwata, mu tsaya a rana. Duk dogon baƙin mutum da ya sauko, sai ta tare shi da gaisuwar Buduma. Wasu su ɗauka bara take, su miƙo mata kuɗi. Ta karɓa kuma! Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

"Ya Kaka, halas, ya isa haka, yalla mu tafi gida," in ce.

"Rufe min baki. Saura jirgi ɗaya."

Shekarar da fari ya yi tsanani a ƙasashenmu, wani tsoho mai tabarma a kafaɗa ya amsa mata da Buduma. Kaka ta riƙe hannun rigarsa. Ban ji ko kalma ba, sai daga baya ta fassara min. Tsibirinsu ta tambaya, ya ce ruwa ya janye, yanzu da jaki ake zuwa, har an shuka masara a inda ubanta yake ɗaure kwalekwale.

Nan Kaka ta ce masa maƙaryaci. Ya rama. Suka kaure da cacar baki a gaban 'yan dako, har askari mai gadin tashar ya leƙo. Da aka kira ayarinsu zuwa motar Makka, yana tafiya yana waiwaye yana ƙara mata wata baƙar magana.

A hanya na ga tana share hawaye, tausayinta ya kama ni.

"Ki yi haƙuri da maganar tsibirin, Kaka."

"Wannan na sani gaskiya ya faɗa," in ji ta. "Shekara ashirin ina zagin mutane a garin nan da yarena, sai yau aka samu wanda ya gane."