Furar da Likita Ya Hana Baba

Jiya ɗiyata ta kawo mini wata 'yar kwalba daga kemis. Ta ce, "Baba, ƙwayoyi masu rai ne a ciki, irin na nono. Suna gyara hanji."

Sai na tuna zamanin mulkin soja, lokacin da arzikin mai ya shigo. Mahaifina na kwance asibiti, jinya ta cinye shi, fura kawai yake nema. Inna ta damo ta tun daga Ƙofar Atiku, likita ya tare ƙwaryar.

"Hajiya, ɗanyen nono na da ƙwayoyi masu rai. Jikinshi ba zai iya da su ba."

Inna ta ce, "Likita, nonon ga shi ya rene shi. Yau kuma shi za ya kashe shi?"

Haka ta koma gida da ƙwaryarta. Baba ya rasu yana cigiyar furar nan.

Yau ga ni da ciwon suga, kwalba na gabana. Ɗiyata ta ce in sha, likitana ya ce in dakata, jikina ya yi rauni.

Jama'a, ku fahimtar da ni. Har yau ban sani ba, kare Baba aka yi, ko kuwa furarshi ta ƙarshe aka hana shi?