Takardun Malam Lawali suna hannuna

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina cikin ɗaukar jinin mara lafiya a labo, ɗakin gwaje-gwajen asibiti, da safen nan aka kira ni: Malam Lawali na Tibiri ya rasu.

Shi ya koya mana ilimin halittu a lise, wato babbar sakandare. Shekarar da yajin aiki ya rufe makarantu, gari ya cika da taron jam'iyyu, sai ya jingina allo a zaurensa ya ci gaba da mu. 'Yan Jiratawa, da suka fi kowa nisa, sai sun sha fura kafin ya bar su tafiya.

Akwai darasin da yake so har muka sa masa suna Malam Magina. Yana cewa furotin ɗin da ke ba ƙwayoyin gado umarni su tsara ƙwaƙwalwar ɗan tayi ba sa ajiye aiki bayan haihuwa. Suna nan cikin kan babba, suna kula da ƙwayoyin jijiya. "Kamar maginin da ya gama ɗaki, amma kowace shekara shina dawowa yaɓe kahin damina."

Mu kuwa dariya muke yi.

Haɗuwarmu ta ƙarshe a Sabon Gari ce, bayan ƙaramar Sallah. Ya sauko daga kabu-kabu, hannunsa na rawa sosai. Ya ba ni wasu shafuka da ɗansa ya ciro masa daga intanet, a kan furotin ɗin nan da ciwon rawar jiki. Da Ingilishi suke, shi Faransanci ya iya, ni kuma a Najeriya na ƙarasa karatu.

Ya ce, "Sani, ka taho ka karanta mini. So nike in ji ko maginana ne sunka gaji."

Na ce ranar Asabar, Malam.

Tibiri fa, nan kusa ne. Asabar nawa ta wuce, takardun na ƙarƙashin kujerar babur ɗina.

Yau bayan jana'iza na zauna na karanta. Abin da ya koya mana ne a ciki, har da cewa idan furotin ɗin suka yi rauni, ƙwayoyin da ke daidaita motsi suna lalacewa a hankali. Da ya ji daɗi ƙwarai. Ni na hana shi jin wannan, kuma abin na ci mini rai.

Allah Ya gafarta masa, Ya haskaka kabarinsa. Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa Malam a addu'a, ya roƙa mini yafiyar Asabar ɗin da ban je ba.