Ranar da Gwaggo Ta Sa Baba Ya Ci Tuwo

Ko zan manta komai a duniya, ban da ranar da Gwaggo ta zo daga Shanga ta sa Baba ya ci tuwo. A Wara muke lokacin, tun muna cikin jihar Sakkwato.

Baba masunci ne, amma tun da ya sayi jirgi mai inji ya daina tuƙi da hannu, sai tumbi ya fito, damatsa da cinyoyi suka motse. Ga mutum ƙato, amma tashi daga tabarma sai an kama shi. Wani likita a Yawuri ya ce ƙiba ta yi yawa, tsoka kuma tana zagwanyewa. Ya hana shi tuwo da shinkafa da fura da kayan zaƙi, ya ce ya riƙe kifi da ƙwai da ganye da man shanu, ya kuma koma tuƙa kwalekwale.

Inna ta tsaya kai da fata. Da farko Baba ya sha jiri, amma kafin damina ta fita ya fara tura kwalekwale cikin ruwa shi kaɗai. Sai gari ya ɗauka: maigida ya rame, matarsa ta hana shi tuwo, ai sammu ne.

Gwaggo yayar Baba ce, ita ta goye shi. Tana isowa ta tuƙa tuwon shinkafa da hannunta, ta dire masa a gaban maƙwabta, ta juyo kan Inna.

"Mi kika yi wa ƙanena?"

"Yaya, likita ne ya ce."

"Likitan ne ke aurenki? In ba asiri kika yi mai ba, ya ci a gabana!"

Baba ya dubi Inna tana hawaye, ya jawo ruwa ya wanke hannu. "Yaya, bar ta haka nan," ya ce, ya cinye tas. Sai da na girma na gane mutuncin matarsa ya fansa da lafiyarsa, don daga ranar bai sake barin tuwo ba.

Ba a jima ba jiki ya koma gidan jiya, har ya kwanta. Inna kaɗai ke juya shi, har bayanta ya lalace. Masu maganar sammu ko ɗaya bai zo ya kama mata ba. Da ya rasu, ranar ta'aziyya na ji Gwaggo tana cewa, "Allah sarki, ga shi da jikinsa mai kyau."

Tun daga nan na koyi cewa in mara lafiya ya samu abin da ya karɓe shi, a toshe kunne. Masu surutu ba su zuwa jinya.