Ruwan da Na Hango Daga Dutsen Dukku

Duk abin da zan manta a rayuwata, ba zan manta ranar da na tsaya a saman Dutsen Dukku ina kallon ruwa yana nufar yayana ba.

Ƙarshen damina ne. Wani abokin aikina ɗan Filato, da muke koyarwa a makaranta ɗaya a Birnin Kebbi, ya matsa sai na raka shi hawan dutsen. Muna hawa yana tsokanata, wai a garinsu wannan tudu ne kawai. Da muka kai sama sai ya bar tsokanar. Ga fadamar Rima a shimfiɗe, shinkafa ta nuna har inda ido ya ƙare wajen Argungu. Na nuna masa gonarmu can nesa, inda yayana da matarsa suke yanka, ƙanana kamar ɗigon tawada.

Abokin nawa ne ya fara lura. Ya tambaye ni sunan wancan tafkin da ke ƙyalli ta arewa. Na duba, ni kuwa na san babu tafki a wurin. Gulbi ne ya fasa jinga, ruwa yana cin gonaki ɗaya bayan ɗaya.

Na kira wayar yayana, tana shiga ba a ɗauka. Ashe tana aljihun rigar da ya rataye a bukka. Na yi ta ƙwala masa kira da baki, ni da na san ko gindin dutsen muryata ba ta kaiwa. Abokin nawa ya riƙe kafaɗata, ya ce in tuna wa ke da kwalekwale kusa da su. Sai na tuna wani dattijo masunci, maƙwabcinmu.

Na kira shi a waya, da farko bai yarda ba. Ya ce yana bakin ruwa, komai lafiya lau.

Na ce, "Baba, ina bisa Dukku, da idona nike ganin shi. Don Allah ka tai."

Ya kashe wayar. Muka tsaya muna kallo. Ruwan ya shiga gonar da ke maƙwabtaka da tamu, su kuwa suna duƙe suna aikinsu. Can sai ga kwalekwalen ya ɓullo. Na ga ɗigo ɗaya ya shiga, ɗayan ya tsaya. Daga baya na ji cewa yayana ne ya ƙi barin dammunan da ya tara, sai da ruwa ya kai masa ƙugu dattijon ya fizgo shi.

Shinkafar shekarar ko tiya ba mu ɗauka ba. Amma da yamma na same su a gida su biyu, jiƙe, da ransu.

Tun ranar na gane cewa wanda ke tsakiyar abu sau da yawa shi ne na ƙarshen ganinsa. Yanzu in wani ya hango mini haɗari, sai na kauce tukuna kafin in tambaye shi yadda aka yi ya gani.